Kafin Ranar da Kwamfuta Za Ta Ƙi Tashi

 

Sharhin namu na yau na masu kwamfuta ne, amma ba waɗanda ke zaune a manyan ofisoshin Abuja da Legas cikin sanyin na'ura ba. Da mutanen arewacin Kano nake, daga Ungogo da Minjibir, a miƙe zuwa Ɗambatta da Makoɗa, a karkata Kunchi da Tsanyawa da Bichi, a gangaro Bagwai da Dawakin Tofa. Yanki ne da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a barin ƙasa ta huta ko da damina ɗaya, taki da gumi ne ke riƙe da ita. Wanda ya daɗe bai zagaya waɗannan garuruwa ba zai ɗauka ba ruwansu da kwamfuta. To ya sake zagayawa. Makarantar sakandare da ita take haɗa sakamakon ɗalibai. Asibitin sha-ka-tafi da waya ko kwamfuta yake tura alƙaluman wata. Mai sayar da taki da iri da maganin feshi, sakataren ƙungiyar manoman rani a Watari ko Tomas, dillalin riɗi da zoɓo a Dawanau, mai shagon buga takardu a bakin tasha, duk za ka tarar da wata laftof 'yar gwanjo a gefe, an lulluɓe ta da tsohon zane.

Kuma duk inda ka ga kwamfuta, akwai wani saurayi ko wata budurwa da aka ce "ai shi ne ya iya". Wataƙila ya yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, ko kuwa a gindin wani mai gyara ya koya a Farm Centre. A manyan kamfanoni wannan aiki ne mai ofis da albashi. A wajenmu ba a tuna da mai yin sa sai ranar da abu ya ɓaci. Da shi nake magana yau, da ubangidansa, da kuma ƙannenmu da suka fara rubuta manhaja.

Abin da nake so ya fara zama a ran kowa shi ne, kwamfutar ba ita ce dukiyar ba. In ta mutu yau, gobe a shiga mota a je Beirut Road a sayo wata, aljihu ne kawai zai ji a jikinsa. Abin da ke cikinta kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi.

Ga yadda abin yakan kasance. Kaka ta yi, amfani ya fara shiga gida, Alhaji mai shagon taki ya zo karɓar bashin da ya bayar tun farkon damina. Ya ce da yaronsa, "Kai, buɗe mana mu ga waɗanda suka karɓi yuriya ba su biya ba." Yaro ya danna, fanka ta yi ƙara, allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan ƙas-ƙas da ke fitowa daga ciki. "Ranka ya daɗe, ta ƙi tashi." "To ba ka ajiye a wani wuri ba?" "Na sa a filas, Alhaji." Aka lalubo filas a aljihun wata tsohuwar riga, aka kai shagon maƙwabci aka soka. Fayil na nan daram, amma na bara ne. Daga nan sai rantse-rantse. Wannan ya ce buhu biyu ya karɓa, Alhaji ya ce uku, maganar da ba ta taka kara ta karya ba sai ga ta a gaban mai unguwa. Ɗan ƙas-ƙas ɗin nan kuwa, faifan ajiya ne mai juyawa yake sallama da duniya, kuma galibi yakan yi makonni yana ba da alama: kwamfuta ta riƙa nauyi, ta riƙa maƙalewa, fayil ya ƙi buɗuwa yau ya buɗu gobe. Duk wanda ya ga haka ya ajiye komai ya kwashe bayanansa tukuna, gyara ya biyo baya.

Manomin wannan yanki ya riga mu sanin maganin. Ba ya zuba irin shuka cikin hatsin ci. Yakan ware zangarniya mafi kyau, ya rataye wata a ɗaki, ya bar wata a rumbu, kuma mai lura, kafin ruwan shuka, yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya jiƙa ya ga ko za su tsiro. Ƙa'idar masu kula da kwamfuta ma ke nan: kwafi uku, kuma a gwada. Ɗaya a cikin kwamfutar da ake aiki da ita. Na biyu a faifan waje ko filas mai kyau, wanda ake zarewa a ajiye da zarar an gama, don in aka bar shi a soke, duk cutar da ta kama kwamfuta shi ma ta kama shi. Na uku a wani wuri da ba wannan ginin ba, ko gidan shugaban ƙungiya, ko a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a wajen Google, kuma lissafin shago na shekara da shekaru ba zai ci komai a ciki ba. Dalilin na ukun a fili yake. Gobara da ɓarawo da rufin da ke yoyo a watan Agusta ba sa ɗaukar kwamfuta su bar filas ɗin da ke aljihun tebur ɗaya da ita.

Kada kuma sabon kwafi ya riƙa danne tsoho. A sa wa kowanne kwanan wata a sunansa, shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, yadda za su jeru da kansu. In fayil ya gurɓace ranar Talata ba a lura ba sai Asabar, na makon jiya ne zai cece ka. Ban kuma raina takarda ba. Ƙarshen wata, ƙarshen zangon karatu, a buga a sa hannu a sa a akwati. Takarda ba ta neman caji.

Maganar gwaji kuwa bari in ba ku labarin waɗanda suka fi mu kuɗi da ƙwarewa. Akwai wani kamfani mai suna GitLab, sana'arsa ke nan ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu. A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu yana gyara, ga gajiya ga dare, ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanai yana zaton a kan kwamfutar ko-ta-kwana yake, ashe a kan uwar ce. Kafin ya ankara ya tsayar, cikin kimanin gigabait 300 abin da ya rage bai kai biyar ba. Aka ce ba komai, ai muna da hanyoyin ajiya har biyar. Da aka duba, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da tsayawa shiru, saƙon da ya kamata ya sanar da su ma ba ya isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin ɓarnar, kuma aikin mutane na waɗannan awanni shida ya tafi ke nan. Abin da ya burge ni da su, ba su ɓoye ba, ba su kuma ɗora wa mutum ɗaya laifi sun kore shi ba. Suka rubuta wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, suka gyara tsarin. A wajenmu da tuni an ce yaron nan ba shi da amana, an sallame shi, an kawo wani ya ci gaba da aiki a kan ramin da na farko ya faɗa. Saboda haka, malam mai kula da kwamfuta, sau ɗaya a wata ɗauki filas ɗinka ka je wata kwamfutar ka buɗe fayil ɗin da idonka, ka duba ko lissafin makon nan yana ciki. Kafin kuma ka danna duk wani umarni na sharewa, ka ɗaga hannu ka sake karanta sunan abin da za ka share. In dare ya yi, ido ya yi nauyi, bar shi sai da safe.

Mu dawo gida. Waɗannan na'urori ba don yanayinmu aka ƙera su ba, kuma kowane lokaci na shekara da irin ta'adinsa. Hunturu na kawo ƙura mai laushi da ke shiga ta ramukan iska ta toshe fanka. Bazara ta zo ta tarar da fanka a toshe, sai kwamfuta ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakar aiki, mai ita ya ce aljanu ne ko an yi masa hannu. Ba kowa, ƙura ce. Kafin zafi ya kankama a kai ta a buɗe a hure. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma ko buhu, ta ƙasanta take shaƙar iska. A shagon hatsi kuma a ɗaga wayoyi daga ƙasa, don ɓera ba ya tambayar wace ce ta firinta. Damina ita ce mai tsawa. In hadari ya haɗo, kashe soket bai wadatar ba, a zare filogi gaba ɗaya, a zare har wayar da ta sauko daga eriya ko kwanon intanet da ke kan rufi.

Wuta kuwa ɗaukewarta ba ta kai dawowarta haɗari ba, don sau da yawa da ƙarfi take dawowa. Haka janareta a lokacin tayarwa da lokacin da mai ke ƙarewa yana shiƙa. A tayar da inji ya daidaita kafin a jona kwamfuta, a cire ta kafin a kashe shi. Shi ya sa a ƙauye nake fifita laftof a kan ta tebur: ba ta cin wuta sosai, kuma batirinta na riƙe ta in an ɗauke. Amma laftof mai mataccen batir, wadda ke mutuwa da zarar filogi ya motsa, ita ce ke lalata fayiloli, a canza mata batir. In da hali a cire tsohon faifai mai juyawa a sa irin na zamani da ake kira SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi jure jijjigar babur a hanyar burji, kuma tsohuwar kwamfuta takan dawo da kuzarinta. Masu sola, ku riƙa goge gilashin a lokacin ƙura, ku ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga, kada kuma ku riƙa tatse batir mai ruwa har ya ƙare ƙaf, rabin cajinsa ne naku.

Ga wani ƙaramin abu da ke sa mutane asarar kuɗin mota zuwa birni. Ka kunna kwamfuta, data na nan, sabis na nan, amma duk shafin da ka buɗe sai ya ce haɗin ba shi da tsaro, ya ƙi shiga. Kafin ka zargi kamfanin waya, dubi kusurwar allo ta ƙasa ka ga kwanan wata. In ka ga ta koma shekarun baya, an gano mai laifi. Akwai wani ɗan batir a cikin kwamfuta mai kama da kwabo, a yawancinsu lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. In ya mutu sai agogo ya rikice, shafukan banki da na hukumomin jarrabawa kuwa suna da takardar shaida mai wa'adi, kwamfutar da ba ta san yau wace rana ba ce ba za ta yarda da ita ba. Gyara agogo da hannu ka ci gaba da aiki, ranar kasuwa ka sayo batir.

Yanzu ga inda na fi jin takaici, don wannan ba laifin ƙura ba ne, namu ne. Makaranta ko ƙungiya za ta buɗe imel, a yi rajistar komai da shi, amma da layin wayar yaron da ya iya kwamfuta aka buɗe, kalmar sirri kuma a kansa kaɗai take. Ana nan sai ya tafi bautar ƙasa, ko ya tafi ci-rani Legas, ko aka yi wa yarinyar aure ta koma wani gari, ko kuwa aka saɓa a kan kuɗin wata. Shi ke nan, ƙofa ta rufe da mabuɗi a ciki. Layin da aka daina amfani da shi ma in ya yi watanni kamfani na iya sayar wa wani, lambar tabbatarwa ta riƙa zuwa wayar baƙon da ba ku san shi ba. Tun da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, kowane layi na da mai shi a hukumance, don haka a zauna a yanke shawarar da sunan wa za a yi rajistar layin ƙungiya, a ajiye shi a ofis, a riƙa sa masa kati. Kalmomin sirri a rubuta su a takarda, a liƙe a ambulan, a ba hedimasta ko shugaba ya kulle. Ba a jikin bango ba, ba a ƙarƙashin kwamfuta ba. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da lafiya lau aka rabu, a canza su. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi ma, don kada gobe wani abu ya ɓace a ce shi ne.

Kai ma mai kula da ita, sayi littafi mai bango mai kauri ka riƙa rubuta abin da ka yi: ranar kaza na canza batir, ranar kaza na sa manhaja kaza, in firinta ta ƙi ga yadda ake lallashinta. Na san wasu na ganin ɓoye sani shi ke sa a riƙa nemansu. Ni a ganina wanda ba ya iya tafiya biki kwana uku ba tare da an kira shi sau goma ba, ba gwani ba ne, ɗaurarre ne.

Sabunta manhaja magana ce mai baki biyu. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai garkuwa da fayiloli, WannaCry, ta bazu a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da abin toshe ɓarakar tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗaya gefen kuma, ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi suka durƙushe a lissafin Microsoft, jirage suka kasa tashi a filaye da dama. Abin yi shi ne a sabunta, amma a zaɓi lokaci. Ba daren rufe rajistar jarrabawa ba, ba jajibirin kasuwa ba. In kwamfutocin makaranta goma ne, a fara da ɗaya a ga yadda ta kwana. A kuma sani Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki sabo ba kada a jefar, Linux Mint ko Ubuntu kyauta suke, da LibreOffice na rubutu da lissafi. Sun fi manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwa, wadda sau da yawa da cutarta take zuwa.

To, ƙannena masu rubuta manhaja, ku matso kusa. Na ga da yawa kuna koyo, wasu a jami'a, wasu a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wasu a YouTube da datar dare. Madalla. Amma darussan da kuke kallo an yi su ne a inda intanet ba ya yankewa, ku kuwa wanda zai yi amfani da aikinku sai ya hau tudu ko ya je bakin titi yake samun sanda biyu ta sabis. Ko a birni ma ba tabbas. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, ana cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa shure-shure. Maƙwabtanmu na Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina kuwa a Satumban 2021 rufe musu sabis aka yi ɗungurungum saboda matsalar tsaro. Don haka manhajarka ta fara ajiye komai a cikin wayar, in sabis ya samu ta tura da kanta. Ba sabon abu ba ne a Kano. Masu aikin rigakafin shan inna sun yi shekaru suna yawo ƙauyukan nan da wayoyin da ke tattara bayani babu sabis, sai an dawo a sauke, kuma manhajoji irin su ODK da KoboToolbox a kan wannan tsari aka gina su, kyauta ne, ku buɗe ku ga yadda aka yi.

Inda sabis ke da rauni mutum zai danna "aika", ya ga shiru, ya sake dannawa, ya kuma sakewa. In ba ka yi dabara ba, buhu ɗaya ya zama uku a lissafi. Ba kowace shigarwa lambarta tun a cikin wayar, yadda in ta iso sau uku za a gane abu ɗaya ne. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a wajen mai POS ya san zafin wannan.

Sai sunayenmu. Gwada manhajarka da Mu'azu da Sa'adatu da Rabi'u da Shu'aibu. 'Yar alamar nan ta hamza da ke tsakiyar suna, a harshen SQL da ake magana da ma'ajiyar bayanai, ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. In ka ɗauki abin da mutum ya rubuta ka liƙa kai tsaye cikin umarni, sunan Mu'azu zai raba umarnin gida biyu, manhaja ta faɗi. Kada ka ce maganin shi ne a hana rubuta alamar, kamar yadda wasu shafuka ke yi suna ɓata wa mutane suna. Ta wannan ƙofar ce ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin su kwashe bayanai. Kowane harshen rubuta manhaja yana da hanyar miƙa umarni daban, abin da mutum ya rubuta daban, ita za ka bi. Haka haruffanmu masu lanƙwasa. Sa tsarin UTF-8 tun daga fom har ma'ajiya har rasit, in ba haka ba Ɗanjuma zai fito da alamar tambaya a goshi. Wurin bincike kuma ya san Ɗambatta da Dambatta da Danbatta gari ɗaya ne, Muhammad da Muhammadu da Mohammed na iya zama mutum ɗaya, kuma Musa Ibrahim uku na iya zama a unguwa ɗaya. Ba kowane manomi lambarsa ta ƙungiya. Kada ka ce lambar waya ce shaidar mutum, akwai gidan da waya ɗaya ce ta maigida da matansa da ƙaninsa.

Lambar waya da lambar asusun banki da NIN ba adadi ba ne da za a tara ko a ɗebe, rubutu ne. In ka bar Excel ya ɗauke su a matsayin adadi zai cinye sifirin farko, 080 ta koma 80, ranar biyan kuɗi a rasa inda aka kwana. Kwanan wata ma, 3/4 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka huɗu ga Maris. Kada kuma ka tilasta wa dattijo ranar haihuwa, ba shi damar faɗin shekarunsa a ƙiyasce, in ba haka ba rabin ƙauye za su zama haihuwar ɗaya ga Janairu. Awo ma haka: mutanenka da tiya da kwano da buhu da dami suke magana, ka bar su su shigar da abin da suka sani, manhaja ta yi juyin zuwa kilo, a kuma bar wurin gyara ma'aunin, tunda buhun wannan kasuwa ba lalle ya zo ɗaya da na waccan ba.

Ka koyi Git tun yau. Linus Torvalds, mutumin da ya fara Linux, shi ya rubuta shi a 2005, kuma ba ya buƙatar intanet kafin ya adana maka tarihin kowane canji a kwamfutarka. Ka huta da folda mai suna "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske". Kalmar sirri dai kada ta shiga cikin rubutun manhaja. In ka gama, kada ka gwada a babbar wayarka. Ari ƙaramar Itel mai tsagaggen gilashi, wadda hotunan biki suka cika, ka miƙa wa sakataren ƙungiya a gindin bishiya da tsakar rana, ka rufe bakinka ka zuba ido. Inda ya tsaya yana juya waya, nan aikinka yake.

Akwai maganar amana da ba zan tsallake ba. Shiga shagon buga takardu ka kalli allon kwamfuta: takardun NIN na mutane, hotunan fasfo na 'yan mata, lambobin BVN, takardun asibiti, duk a baje, kowa ya zauna ya gani, kowa ya soka filas ya kwafa. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka, abin da mutum ya ba ka don ka buga masa ba naka ba ne. Ka gama, ka share, ka kuma share daga kwandon shara. Za ka sayar da tsohuwar kwamfuta ko ka kai ta gyara, ka tuna da abin da ke cikinta.

Kalmata ta ƙarshe ga iyayen gida ce, Alhazai masu shaguna, hedimastoci, shugabannin ƙungiyoyi da jami'an asibiti. Filas mai kyau bai kai kuɗin buhun taki ba, amma in yaro ya nema sai a ce ya bari sai wani watan. Ku saya masa. Ku ware kuɗin data da na gyara a kasafinku kamar yadda kuke ware na man janareta. Ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, ku kuma haɗa shi da mutum na biyu ya koya masa, mace ko namiji, don kada aikin gari guda ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A cikin makon nan ku kira shi, ba da faɗa ba, ku ce ya nuna muku inda kwafin yake, ya buɗe shi a gabanku a wata kwamfutar daban.

Nan za mu dasa aya.